Karatu Ya Daina Shiga, Barci Ya Gagara, Kuma Na Kasa Faɗa Wa Mahaifina

Wasiƙar wannan makon daga wani ɗalibin jami'a ta fito. Ya roƙi a sakaya sunansa da na makarantarsa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku, shekaruna 22. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Mahaifina tela ne, da ɗinki yake biya mini komai. Kusan wata biyar ke nan na rasa gane kaina. Ba na samun barci sai gab da asuba, kaina na ɗaukar zafi, wuyana ya riƙe. In na buɗe littafi sai in daɗe a shafi ɗaya ban riƙe komai ba. Abinci ba ya yi mini daɗi, na daina zuwa ƙwallo, lakca ma sai jefi-jefi. Na sha maganin maleriya da na taifot har na gaji. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, amma na ce wa mahaifina na ci duka. Kawuna ya ce hannu aka sa mini, aka yi mini ruƙiyya, na ɗan ji sauƙi, abin ya sake dawowa. Wani abokina ya ce raunin imani ne. Wani kuma ya ba ni tiramadol ya ce zai buɗe mini kai, na ɗan sha. Jarrabawa saura wata ɗaya. Ina tsoron zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa kada a ce na haukace. Wani lokaci cikin dare sai in ji da ma ban wayi gari ba, kowa ya huta. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana.

Da maganarka ta ƙarshe zan fara, domin ita ta fi komai gaggawa. Babu wanda zai huta in babu kai. Mutumin da ke kan keken ɗinki har dare saboda kai, ɗansa zai rasa, kuma rashin da ba ya warkewa ne. Wannan tunani da ke raya maka cewa ka zame wa mutane kaya yana cikin alamomin ciwon da nake zaton yana damunka, kuma yakan gushe idan ciwon ya samu magani. Sai dai ba abin da za ka kwana da shi kai kaɗai ba ne. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, abokin ɗaki ne, yayanka ne, ko limamin masallacin hostel, ka faɗa masa da kalmomin da ka rubuto mini, ba tare da ka rage ba. Idan kuwa abin ya wuce "da ma", har ka fara tunanin yadda za ka cutar da kanka, to babu jiran safiya. Ka tashi na kusa da kai ku tafi asibitin makaranta ko sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira lambar agajin gaggawa, 112. Ragowar ƙwayoyin da ke hannunka, da duk wani abu mai haɗari a ɗakin, ka damƙa wa wani ya fita da su. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi ya kuma lafa, abin da ake so shi ne in ya taso ya same ka cikin mutane.

Ba zan yanke maka hukunci daga takarda ba, wannan aikin likitan da zai zauna da kai ne. Amma abubuwan da ka lissafa sun yi kama ƙwarai da abin da ake kira ciwon damuwa. Ma'aunin likitoci shi ne: idan ƙunci, ko daina jin daɗin abubuwan da mutum ya saba so, ya mamaye mafi yawan yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, ga rikicewar barci, ga canjin cin abinci, ga kasala da kasa tattara hankali da ganin kai ba a bakin komai ba, to an wuce ɓacin ran yau da gobe. Kai wata biyar kake magana. Yaron da ya daina zuwa ƙwallo ba don an hana shi ba, ni wannan ma kaɗai ya isa ya sa in ce a duba shi.

Zafin kai da riƙewar wuya kada su ruɗe ka. A wajenmu wannan ciwo ya fi shigowa ta jiki. Da wuya ka ji mutum ya ce yana cikin ƙunci, sai dai ya ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki. Daga nan sai zaryar kemis, yau maganin maleriya, gobe na taifot, kuɗi na ƙarewa, ciwo na nan. Kuma abin ba sabo ba ne a tsakanin ɗalibanmu. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da koke irin naka sak: zafi ko nauyi a kai da wuya, ido na dishi-dishi, a yi karatu ba ya zama. Masana da dama daga baya sun fahimci cewa galibi damuwa da fargaba ne ke fitowa ta wannan siga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ciwon damuwa a duniya sun kai kimanin miliyan 280, kuma bincike ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin mutum ya cika 25. Wato daidai shekarun jami'a. A ajinku ma akwai irinka, kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ba abin mamaki ba ne kuwa. An ɗauko yaro daga gaban uwarsa an ajiye shi a ɗakin da aka yi don mutum huɗu amma takwas ke kwana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, ɗalibai da yawa sau ɗaya suke ci a yini. Ga karatun kwana da kofi, ga fargabar sakamako. Kai kuma ga ƙarin nauyi: kai ne na farko, idon dangi duka a kanka yake.

Yanzu maganar abokinka da ya ce raunin imani ne. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, amma bai yi daidai ba, kuma irin wannan magana ta hana bayin Allah da yawa neman magani, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta, kuma a rayuwar Fiyayyen Halitta ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi ne kuma ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a cikin addu'a, ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malamin Musulunci mai suna Abu Zaid al-Balkhi ya bambance baƙin ciki iri biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, ya ce wannan na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ashe ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu.

Mai ciwon suga yana sallah, yana addu'a, yana kuma shan maganinsa, babu mai cewa tawakkalinsa ya ragu. Kai ma haka. Ka ci gaba da azkar ɗinka, ka yi wa kanka tofi, in an yi maka ruƙiyya ta shari'a ka karɓa. Sauƙin da ka ji bayan ruƙiyyar nan na gaske ne, karatun Alƙur'ani da kulawar mutane suna sanyaya zuciya. Amma tunda abin ya dawo, sai a haɗa da asibiti. Kada ka tsaya jayayya da kawunka kan ko sammu ne ko ba sammu ba, ba za ka ci riba ba. Ka ce masa, "Kawu, a ci gaba da addu'a, ni kuma zan ga likita." Iyaka guda nake so ka riƙe: duk inda aka ce sai an ɗaure ka, ko an doke ka, ko an hana ka abinci da sunan magani, ko aka ce ka jefar da maganin asibiti, kada ka yarda. Abin da jami'an tsaro suka bankaɗo a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019, mutane ɗaruruwa cikin sarƙa, ya isa darasi.

Tiramadol kuwa, ka tsaya nan inda kake. Maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su kodin, yana kama mutum da sauri, kuma in an sha da yawa yana jawo farfaɗiya. Abin da yake yi wa mai damuwa shi ne ya ɗaga shi na 'yan awanni, sannan ya sake shi ƙasa da inda ya same shi, sai ya koma ya ƙara. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Da yawa ba don shashanci suka fara ba, wani abu ne ke cin su a rai, aboki ya miƙo ƙwaya. Ka faɗa wa likita ka sha, da yawan abin da ka sha. Ba zai kai ka ƙara ba, kuma dole ya sani, domin haɗa tiramadol da wasu magungunan damuwa yana da haɗari. In ka ga jikinka ya fara nema, wannan ma ka faɗa, akwai yadda ake raba mutum da shi a hankali.

To ina za ka? Asibitin makarantarku ne matakin farko, kuma cikin makon nan, ba bayan jarrabawa ba. Ka ɗauki katinka ka je da safe. In ka shiga, kada ka ce "kaina ke ciwo" ka yi shiru, za a rubuta maka farasitamol ka dawo inda kake. Ka rubuta komai a takarda tun a ɗaki: tun yaushe, barci awa nawa, cin abinci, karatu, ƙwayar da ka sha, da tunanin nan na dare. In baki ya yi nauyi, miƙa takardar kawai. Likita zai yi maka tambayoyi, mai yiwuwa ya sa a gwada jini, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. Idan ka taɓa shiga wani yanayi na kwanaki da ba ka barci amma kana jin ƙarfi fiye da kima, surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ka ambata, domin wannan yana canza irin maganin da za a ba ka. In ya ga da buƙata zai tura ka gaba. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitoci na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Gaskiya likitocin wannan fanni kaɗan ne, 'yan ɗaruruwa kacal ga al'umma fiye da miliyan 200, don haka za ka iya tarar da layi. Ka yi haƙuri ka bi, ka kuma tafi da wani ya raka ka.

Na san abin da ke ranka: in an gan ka a can za a ce ka zare. Ɗana, in ka je ka zauna a bencin jira za ka ga malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure da goyo, dattawa da carbi, kowa da katinsa a hannu, a gan shi ya koma gida ko wajen aiki a ranar. Mafi yawan masu zuwa ba a kwantar da su. Abin da ka faɗa wa likita kuma amana ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi haƙƙin sirri ga mara lafiya, ta kuma hana a nuna masa wariya. Ba sai ka yi wa duniya shela ba. Mutum biyu ko uku da suka dace su sani sun wadatar.

Magani iri biyu ne, sau da yawa ana haɗa su. Akwai zama da masanin halayyar ɗan Adam, ku riƙa warware tunanin da ke ɗaure ka ɗaya bayan ɗaya, kamar wannan na cewa faɗuwa kwas biyu ta gama da kai. Jami'o'i da dama suna da ofishin ba da shawara a ƙarƙashin sashen kula da harkokin ɗalibai, ka tambaya. Akwai kuma ƙwayoyi, in likita ya ga ya dace. Abin da nake so ka sani tun yanzu shi ne ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ka ji canji sosai. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su sha kwana goma su ce ba ya yi, su ajiye. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware don kada ya dawo, kuma a hankali ake janye shi, da sanin likita. Ba sa bugarwa, ba sa mayar da mutum wani daban. A makonnin farko, musamman ga masu shekarunka, in ka ji rashin natsuwa ya ƙaru ko tunanin nan ya tsananta, ka koma wajen likita a ranar, kada ka jira ranar da ya ba ka.

Batun jarrabawa, kada ka bari ranar ta zo ka ƙi shiga kawai, wannan shi ne abin da ke kashe sakamako. Da zarar ka ga likita ka nemi takardar shaida, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku. Ba sai ka zayyana masa komai ba, "ina jinya, ga takardar asibiti" ya isa. Jami'o'i suna da tsarin ɗage zango saboda rashin lafiya, amma a rubuce ake nema, kuma kafin jarrabawa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku duba da likitan da malamin: in za ka iya rubuta wasu, ka rubuta, in ba za ka iya ba, ka ɗage. Ɗaliban jami'o'in gwamnati sun zauna a gida wata takwas a yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun dawo sun kammala, da yawansu yanzu suna aiki. Zango ɗaya da za ka ba lafiyarka ba zai rufe maka ƙofa ba. Kwas biyu kuma ana sake rubuta su a ci, kullum ana yi.

Saura mahaifinka, kuma ina jin wannan ne dutsen da ya fi danne ka. Kowace waya da zai yi maka ya ce "yaya karatu?" ka ce "lafiya lau", nauyin ƙaruwa yake. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shawarata ita ce kada ka faɗa masa ta waya. Bayan ka ga likita, ka je gida da takardarka. In ka fi sakewa da mahaifiyarka, fara da ita, iyaye mata sun san lokacin da ake shigar da magana. Ka bari ya rufe shago, ya ci abinci, an yi isha'i, sannan ka durƙusa ka ce: "Baba, na daɗe ba ni da lafiya ban faɗa ba. Na je asibiti, ga abin da likita ya ce. Kuma akwai abin da na ɓoye maka saboda kunya da tsoron ɓata maka rai: kwas biyu ban ci ba. Ka yafe mini." Ka tsaya nan, kada ka cika shi da bayani.

Zai iya yin faɗa, musamman kan ɓoyewar, kuma yana da gaskiya a nan, ka sunkuyar da kai ka saurara. Zai iya yin shiru na kwana biyu. Zai iya cewa shi bai san wani ciwon damuwa ba, a zamaninsu babu wannan. Kada ka ɗauka ya ƙi ka ke nan, abu ne da bai taɓa jin an kira shi ciwo ba. In da hali, ka roƙe shi ya raka ka ganin likita na gaba ya ji da kunnensa, dattawa sukan fi karɓar magana daga bakin likita fiye da bakin ɗansu. Wahalar da yake sha kuwa, saboda kai yake shan ta, takardar digirin a bayanka take. Uba ya fi son a ce ɗansa ya makara da shekara guda da a kira shi a waya da mummunan labari.

Kafin duk wannan ya kankama, ga 'yan abubuwan da za su taimaka, ko da ba su ne maganin ba. Ka riƙa tashi lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba, ka fita ka ga hasken safiya, ka taka ko na minti ashirin ne. Kofi da lemukan ƙarin kuzari ka bar su daga azahar, waya kuma ta yi nesa da shimfiɗa. Ka ci wani abu ko ba ka jin yunwa. Karatu ka yi shi gutsi-gutsi tare da wani, maimakon zaman dare kai kaɗai. Filin ƙwallo ka koma ko ba za ka buga ba, ka zauna a gefe cikin abokai. Ba za ka ji sha'awar yin ko ɗaya daga cikinsu ba, haka ciwon yake, sai an fara yi sannan sha'awar ke biyowa.

Abokinka mai tiramadol kuma, kada ka tsane shi. In ka samu kanka, ka tambaye shi shi me ya kai shi, ka nuna masa ƙofar da ka bi. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya zuciyar mahaifinka. Ka sake rubuto mini bayan ka ga likita, ina son in ji abin da ya ce da yadda kuka yi da malamin ajinku.